Horizon Chase Turbo: Tseren 1992 da Birazil Ta Ƙi Mantawa da Shi

A babban ɓangaren wasan Horizon Chase Turbo, wato zagayen duniya, ba a ba kowa layin gaba. Ko ka ci tsere goma a jere, in aka sake jera motoci 20 a bakin layi, taka ce ta ƙarshe. Fitila na sauyawa sai ka danna totur, ka shiga neman kafa tsakanin motoci 19 da suka cika titi. Zagaye uku ake yi a mafi yawan hanyoyin, kuma kafin minti uku su cika an gama, an san wanda ya ci. Naitiro uku ke hannunka, wato ƙarin gudu na ɗan lokaci da ake kunnawa da maɓalli ɗaya, tankin mai yana ta raguwa, kuma dole ka shiga cikin biyar na farko kafin a ƙirga maka tseren.

Wanda ya taɓa riƙe na'urar Super Nintendo zai gane waɗannan ƙa'idoji tun kafin a gama faɗa masa su. Na wasan Top Gear ne, wanda kamfanin Gremlin Graphics na birnin Shefil a Ingila ya haɗa, kamfanin Kemco na Japan ya fitar a 1992. Motoci 20, naitiro uku, tsoron ƙarewar mai, sharaɗin shiga biyar na farko, duk daga can aka kwaso su. Kamfanin Aquiris da ke Porto Alegre a kudancin Birazil bai ɓoye wannan ba ko kaɗan. Ya fara fitar da Horizon Chase a wayar hannu a 2015, sannan a watan Mayun 2018 ya fito da wanda aka faɗaɗa, mai ɗauke da sunan Turbo, a kwamfuta da PlayStation 4, kafin ƙarshen shekarar kuma ya isa Nintendo Switch da Xbox One.

Me ya kai 'yan Birazil tono wasan Turawan Ingila mai shekara fiye da ashirin? A Amurka da Turai, Top Gear ɗaya ne daga cikin tarin wasannin tsere na zamaninsa, an buga an wuce. A Birazil kuwa ya zauna daram. Harajin shigo da kayan lantarki ya sa na'urorin gem sun yi tsada a ƙasar, sai tsofaffin na'urori suka daɗe a hannun jama'a fiye da yadda suka daɗe a wasu ƙasashe. Yaran da iyayensu ba su da halin saya sukan je shagunan haya, su biya kuɗin sa'a ɗaya ko rabi su buga, irin tsarin da duk wanda ya san gidan gem a Kano ko Zariya ba zai buƙaci bayani a kansa ba. Wasan da zai yi kasuwa a irin wannan shago sai ya kasance ana koyonsa nan take, ana gama shi da wuri, kuma mutum biyu za su iya fafatawa a talabijin ɗaya. Top Gear ya cika sharuɗɗan nan uku, har ma allonsa a rabe yake gida biyu ko da kai kaɗai ke bugawa, kwamfuta ce ke riƙe rabin ƙasa. Yaran da suka tashi a waɗannan shaguna su ne suka girma suka zama masu haɗa gem.

Hujja mafi ƙarfi ta wannan alaƙa ita ce kiɗa. Barry Leitch, ɗan Sikotilan, shi ya tsara kiɗan Top Gear, wanda da yawansa ya ɗauko daga aikin da ya yi wa jerin wasannin Lotus na kwamfutar Amiga. A Birazil wannan kiɗa ya wuce gem, makaɗa suna sake buga shi, matasa suna sa shi a bidiyo. Da Aquiris ya tashi yin nasa wasan, bai nemi wanda zai kwaikwayi Leitch ba, shi kansa Leitch ɗin aka nemo. Sakamakon yana daga cikin abubuwan da ba a cika jayayya a kansu ba: kiɗa mai saurin bugu, mai karin da ke maƙale wa mutum a kai, wanda ke tura yatsa ya ci gaba da danne totur ko da kwana na tafe. Wani lokaci ma kiɗan ne ke ɗauke da tseren da in ba don shi ba da ya zama lami.

Titin ne ke juyawa, ba motar ba

Kafin a yanke wa wannan wasa hukunci sai an fahimci wata tsohuwar dabara. A zamanin Pole Position na kamfanin Namco, wanda ya fito a 1982, da OutRun na Sega a 1986, injinan gem na jefa kwabo ba su da ƙarfin zana duniya mai zurfi da faɗi yadda ake yi yanzu. Sai masu haɗa su suka yi wa ido wayo. Motar tana nan a ƙasan allo, ba ta zuwa ko'ina sai hagu da dama. Titin ne ake zanawa layi-layi, ana karkata shi, ana ƙara girman bishiyoyi da allunan gefen hanya don su zama kamar suna tunkaro ka. In aka zo kwana, abin da ke faruwa a zahiri shi ne ana tura motarka waje, kai kuma kana danna ɗaya ɓangaren don ka tsaya a kan kwalta.

Horizon Chase Turbo an gina shi da kayan aikin zamani, duwatsunsa da gine-ginensa masu jiki ne, amma tuƙin an bar shi a kan waccan tsohuwar dabara da gangan. Motar tana bin lanƙwasar titi da kanta zuwa wani mataki. Ba za ka iya juya ta ka fuskanci inda ka fito ba, ba za ka iya barin hanya ka shiga daji ba. Aikinka shi ne zaɓar wurin da za ka bi a faɗin titin, da sanin lokacin da za ka ɗan saki totur. Birki yana nan, amma gwani yakan yi tsere da yawa bai taɓa shi ba.

Daga nan ne daɗin wasan ke fitowa. Yaro ɗan shekara bakwai da kawunsa da bai taɓa buga gem ba za su iya zama su fara, cikin minti ɗaya kowa ya gane abin da ake ciki. Babu saitin taya, babu lissafin giya, babu jarrabawar lasisi irin ta Gran Turismo, wanda tun fitowarsa a 1997 ya karkata hankalin masu wasan mota zuwa kwaikwayon tuƙi na gaske. A nan gudu kawai ake sayarwa, kuma an iya sayar da shi. In ka kunna naitiro a miƙaƙƙen titi, ka tsaga tsakanin motoci biyu ba ka shafi ko ɗaya ba, ka tarar da kwana ka kwanta a cikinta ba tare da rage gudu ba, jikinka zai gaya maka an yi aiki.

Ga ido kuma akwai abin kallo. Ba a bi hanyar da yawancin wasannin tuna baya suke bi ba, ta zana komai da manyan ɗigo-ɗigo don a ce tsohon yayi ne. An zaɓi siffofi masu kaifin gefe da launuka masu haske, sararin sama ruwan goro ko ruwan hoda, teku shuɗi shar. Zagayen ya ratsa yankuna 12 da birane 48, hanyoyi sun haura 100: daga Kalifoniya a bi ta Cile da Birazil, a tsallaka Afirka ta Kudu, Girka, Ayislan, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Indiya, Ostireliya, Sin, Japan, har Hawai. Yanayi yakan sauya ana tsakiyar tsere. Ka tashi da rana, zagaye na biyu hadari ya haɗo, na uku ana tsuga ruwa, ko dare ya rufa sai fitilun motoci. Akwai guguwar yashi, akwai ƙanƙara, akwai tokar dutse mai aman wuta. Afirka dai, kamar yadda aka saba a irin waɗannan wasanni, ƙasa ɗaya tak ta samu.

Motocin sun haura 30, ba kuma wadda ke ɗauke da sunan kamfanin ƙera mota na gaske, amma mai ido zai gane wadda aka kwaikwaya. A cikinsu akwai wata 'yar ƙaramar mota mai kama da Fiat Uno, an ɗaure mata tsani a saman rufi. Barkwanci ne na 'yan Birazil zalla: a can ana tsokanar cewa babu motar da ta kai ta ma'aikatan gyaran waya gudu, domin direban ba shi ya saya ba, ba kuma shi zai gyara ba. Ganin wannan mota tana wuce masu kama da Ferrari a titin Dubai yana nuna cewa waɗanda suka haɗa wasan sun san inda suka fito.

Inda gizo ke saƙar

Matsala ta farko tana bayyana ne a daƙiƙa goma na farkon kowane tsere, kuma ba ta barin mutum har ya ajiye wasan. In ka bugi mota ta baya, gudunka ya zube, ita kuwa wadda ka buga sai ta ƙara gaba kamar ka taimaka mata. Wannan ma gadon Top Gear ne. A ƙa'ida yana da ma'ana, domin shi ke mayar da tseren wasan kauce-kauce, ya hana mutum ture kowa ya wuce. Amma a aikace, farkon tsere a siririn titi yakan zama kamar cunkoson 'yan adaidaita sahu a bakin Kantin Kwari da yamma: kowa ya cusa kai, babu kafa, wanda ke baya kuma shi ke kwana a ciki. Motocin kwamfuta suna da halin gusowa gabanka daidai lokacin da ka zaɓi gefen da za ka bi. Karo ɗaya yakan jefa ka kan wata motar, ita ma ta jefa ka kan allon gefen hanya, motarka ta wuntsila. Tana dawowa kan tayoyinta ba tare da ko ƙwarzane ba, sai dai waɗanda ka sha wuyar wucewa duk sun sake wuce ka.

A yankunan farko ana iya farfaɗowa daga irin wannan. Daga tsakiyar zagayen zuwa gaba kuwa, motar da ke kan gaba takan yi nisa tun kana fama da cunkoson baya, har ya zama kuskure ɗaya a zagayen farko ya isa ya raba ka da kofin zinariya. Sai mutum ya koyi wata ɗabi'a marar daɗi: da zarar an yi karo a farko, ya danna a sake tseren. Wasan da ake sake farawa sau biyar kafin a wuce kwanar farko ya fara tashi daga gwaninta ya koma sa'a. A ganina nan ne Aquiris ya fi bin tsohon wasan ido rufe. Abin da aka haƙura da shi a 1992 saboda babu yadda za a yi, ba dole ba ne a dawo da shi yadda yake.

Batun mai ya fi wannan tsari. A Top Gear sai ka ratse ka shiga wurin shan mai, ka yi asarar lokaci. A nan galan-galan ne aka ajiye a wasu wurare a kan titi, ka bi ta kansu ka ɗauka. Yana tilasta maka ka haddace hanya, ka kuma yanke shawara cikin ƙiftawar ido: ka bi cikin kwana inda ya fi sauri, ko ka buɗe waje inda man yake? Dabara ce mai kyau, har sai ranar da wata mota ta tokare ka daidai wurin, ka wuce galan ɗin, ƙararrawar gargaɗi ta fara kuka, motar ta mutu ana ganin layin ƙarshe.

Su kuwa shuɗɗan kwabban da aka zuba a kan hanya, ra'ayi ya rabu a kansu. Kofi mafi daraja ba ya samuwa sai ka zo na ɗaya kuma ka kwashe su duka a tsere guda, makin da ake tarawa kuma shi ke buɗe sababbin wurare da motoci. Galibi an jera su ne a kan layin da ya fi dacewa a bi, don haka suna koya wa sabon shiga hanya ba tare da an yi masa lacca ba. Amma in ɗaya ya kuɓuce maka a zagayen ƙarshe, sai dai ka maimaita tseren gaba ɗaya saboda kwabo ɗaya.

Sai babbar matsalar, wadda ba a ganinta a ranar farko. Top Gear hanyoyi 32 gare shi a yankuna takwas, da motoci huɗu. OutRun, wanda Yu Suzuki ya tsara bayan ya zagaya Turai a mota yana kallon tituna, ana kai ƙarshensa cikin 'yan mintuna, sai dai ka dawo ka bi wani reshen hanyar. Waɗannan wasanni sun san iyakar abin da suke da shi. Horizon Chase Turbo ya ɗauki tuƙin da ke da zurfin sa'o'i kaɗan ya shimfiɗa shi a kan hanyoyi fiye da ɗari. Tunda titin ne ke juyawa, bambancin hanyar Girka da ta Japan bai wuce yawan kwana, faɗin kwalta, da hoton da ke bango ba. Babu sulɓin taya da ake sarrafawa a kwana, irin wanda ya riƙe wasan Slipstream, shi ma na wani ɗan Birazil da ya fito a 2018, ko Hotshot Racing na 2020. Babu gajeriyar hanya da za a gano, babu reshe da za a zaɓa. Abin da ka iya a Cile shi za ka yi a Sin, sai dai da ƙarin gudu da ƙarancin afuwa.

Gyaran mota ma bai cike wannan giɓi ba. A kowane yanki akwai tsere na musamman da in ka yi abin kirki a cikinsa za a ba ka zaɓin ƙari ɗaya, ko na gudu, ko na riƙon kwana, ko na naitiro, kuma ƙarin yana hawa kan dukkan motocinka lokaci guda. Tsari ne mai sauƙi, ba ya ɓata lokaci, amma tunda a ƙarshe duk za ka tara su, zaɓin bai wuce na wanda za a fara ɗauka ba. Akwai gasa ta tsere huɗu-huɗu, akwai ta juriya da ake jero tsere da dama ba hutawa, duk dai tuwon jiya ne aka sauya wa kwano.

To amma a haɗa mutum huɗu a ɗaki ɗaya, sai lissafin ya canja. Wasan yana raba allo gida huɗu, abin da manyan wasannin mota na wannan zamani da yawa suka watsar, kuma kusan kowane ɓangare nasa ana iya buga shi a haka, har da zagayen duniyar. Karon da ke sa mutum tsaki in shi kaɗai ne, shi ke tayar da shewa in ƙaninsa ne ya wuntsila. Ƙarewar mai a bakin layi ta zama abin tsokana na mako guda. Gajartar tseren ta sa wanda ya sha kashi ba ya daɗe yana jira kafin ya nemi fansa, wanda ke jiran layi kuma ba ya gajiya. Sauƙin tuƙin, wanda ke gundurar gwani, shi ke ba baƙo damar ya ci tsere ɗaya cikin biyar, ya ƙi miƙa abin bugawar. An gina wasan ne da ƙa'idojin shagon haya, inda ake biyan kuɗin rabin sa'a ana ihu a kunnen juna, kuma a irin wannan zama ne kowace ƙa'ida tasa take samun dalilinta.

Shi ya sa rashin fafatawa kai-tsaye ta intanet ya fi zafi a nan fiye da yadda zai yi a wani wasan. Turbo ya fito da jadawalin gwanaye na duniya, da damar yin tsere da inuwar motar abokinka, wato maimaicin tuƙin da ya riga ya yi. Amma ba za ka iya haɗuwa da shi a titi ɗaya a lokaci ɗaya ba in ba a ɗaki ɗaya kuke ba. Mutanen da aka yi wasan dominsu, waɗanda suka buga Top Gear suna yara, yanzu magidanta ne da aiki ya warwatsa, haɗa huɗu daga cikinsu a falo ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Ta wani gefen kuma, ga wanda ke zaune inda intanet ke da tsada ko rauni, wannan ba asara ba ce sosai: da zarar an sauke wasan, tseren kansa ba ya neman data, kuma ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfin gaske.

A watan Oktoban 2021 aka ƙara masa wani ɓangare mai suna Senna Forever, don tunawa da Ayrton Senna, direban Birazil da ya ci kambun duniya na Formula 1 sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, ya kuma rasu a hatsarin tsere a Imola ta Italiya ranar 1 ga Mayun 1994. Wannan ƙari ya gyara abubuwa fiye da yadda aka zata. An bi rayuwar tserensa babi-babi, an ba kowane tsere wasu buƙatu na daban da za a cika, an sa zaɓin abin da za a ƙarfafa a motar kafin a tashi, an kuma kawo kallo daga cikin kujerar direba, wanda ke sa gudun ya zama abin tsoro na gaske. Ya fi zagayen duniyar gajarta nesa ba kusa ba, kuma gajartar ta yi masa rana, domin yana ƙarewa tun mutum bai ƙoshi ba.

Horizon Chase 2 ya fito a Apple Arcade a watan Satumban 2022, daga baya ya isa sauran na'urori, kuma a cikinsa an kawo fafatawa ta intanet da gyaran kowace mota ita kaɗai, abubuwa biyu da babu su a Turbo. A watan Afrilun 2023 kamfanin Epic Games na Amurka ya sayi Aquiris, ya sauya masa suna zuwa Epic Games Brasil, aka kuma sanar cewa ma'aikatansa za su shiga aikin wasan Fortnite.